Amsoshin Tambayoyinku: Injuna Biyu Sun Ƙi Ciniki, In Sauya Musu Wuri?

TAMBAYA: Ina zaune a Houston, jihar Texas a Amurka, ina aikin tuƙi. Bara na haɗa ɗan abin da na tara na sayi injuna uku, irin waɗanda ake sa musu kuɗi ko katin banki su sako wa mutum lemo ko kayan ƙwalama. Ɗaya yana wata masana'anta, kuma alhamdulillahi yana ciniki. Sauran biyun, ɗaya a wani ofis ɗaya a shagon wanki, da ƙyar kowanne ke haɗa dala 120 a wata. Yanzu wani kamfani ya kira ni ya ce in biya shi zai samo mini wurare masu kyau. In ɗauke su ne? Kuma yaya zan gane kamfanin na gaskiya ne?

Mai karatu daga Houston

AMSA: Allah ya sa albarka a nemanka.

Bari mu fara da lissafi. A dala 120 ɗin nan, kusan rabi kuɗin sarin kaya ne. Cire la'adar mai wurin, wadda a wannan sana'a takan kama daga kashi 5 zuwa 25 cikin 100 na ciniki. Cire kuɗin wata na na'urar karɓar kati, da man da ka ƙona zuwa da dawowa a gari mai faɗi irin Houston, da biskit ɗin da ya yi kwantai har wa'adinsa ya wuce ka zubar. Abin da ya saura bai kai ladan wahalarka ba. Don haka damuwarka tana kan hanya.

Sai dai kada ka yi saurin kiran mota. Ware yini guda ka je ka zauna kusa da kowane inji, tun daga safe har bayan cin abincin rana, ka zuba ido. Za ka ga abin da takardar lissafi ba za ta faɗa maka ba. Mutum zai zo ya sa takardar dala, injin ya tofo masa ita sau uku, ya kaɗa kai ya tafi, kuma ba zai sake gwadawa ba. Wani zai leƙa ta gilashi ya ga layi biyu babu komai, fitila ɗaya ta mutu. Ko ka tarar an tura injin bayan ƙofa, inda sai wanda ya san da shi ke ganinsa. A shagon wankin, duba ko akwai kanti a jikinsa mai sayar da lemon da ya fi naka sanyi da araha. Tambayi mai sharar wurin da mai gadi me mutane ke nema ba su samu ba, domin sun fi manaja sanin wannan. Idan na'urar katinka ta kamfani irin Nayax ko Cantaloupe ce, tana nuna maka a waya abin da aka saya da lokacin da aka saye shi. Gyara abin da ka gani, ka sauya kayan da ba sa tafiya, ka ba wurin wata biyu ko uku.

In bayan haka shiru, to laifin wurin ne. Ofis ɗin ne ma na fi zargi, domin tun bayan annobar korona ta 2020 ma'aikatan ofisoshi da yawa a Amurka suna yin wasu ranakun aikinsu daga gida. Manaja zai ce maka yana da ma'aikata 80, gaskiya kuwa ya faɗa, amma ranar Juma'a ka ƙirga ka ga ba su kai 15 ba.

Amsar rabin tambayarka tana jikin injinka na masana'anta. Me ya sa yake ciniki? Mutanen suna wurin awa takwas ko goma, aikin ƙarfi suke yi, hutunsu gajere ne, kuma babu kanti kusa. Mai shayi a gida ya san wannan sirrin, shi ya sa yake kafa teburinsa a bakin tasha ko ƙofar asibiti inda ake jira da yunwa. Nemi irin wannan: manyan rumbunan ajiye kaya masu aikin dare, garejin gyaran mota inda ake zaman jira, gidajen kula da tsofaffi, ƙananan otal-otal. Amma akwai wurare biyu masu ƙa'idoji na musamman, ka san da su tun yanzu. A gine-ginen gwamnatin tarayya, dokar Randolph-Sheppard ta 1936 ta ba makafi masu lasisi fifiko a wannan sana'a. A makarantun da ke cikin shirin ciyarwa na gwamnati kuwa, tun 2014 akwai ƙa'idojin da suka taƙaita irin lemo da ƙwalamar da za a sayar wa yara a lokacin karatu.

Yanzu ga batun kamfanin da ya kira ka. Dillali ne, kuma dillanci sana'a ce halal, akwai masu yin ta da amana. Amma wannan fanni ya daɗe da ƙaurin suna wajen damfara, har hukumar kare masu saye ta tarayya, FTC, ta kafa ƙa'ida a kai. Bisa tsarin da ya fara aiki a 2012, wanda zai sayar maka da sabuwar sana'a tare da alkawarin samo maka wuraren ajiye injuna dole ya ba ka takardar bayani aƙalla kwana 7 kafin ka sa hannu ko ka biya ko sisi. A ciki zai faɗi ko an taɓa kai shi ƙara kan yaudara, ya faɗi sharaɗin mayar da kuɗi, ya ba ka sunayen waɗanda suka saya a hannunsa a baya. In ya yi maka alkawarin riba kaza, sai ya kawo hujja a rubuce. Kai da ka riga ka mallaki injunanka, nemi waɗannan bayanai ko da bai ce wajibi ne a kansa ba. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne cinikin biri a sama. Wasu dillalan suna zaune a wata jiha, ba su taɓa taka Houston ba. Waya kawai suke bugawa har su sami mai karɓar baƙi a wani ofis ta ce to ku kawo, sai su rubuta maka cewa wuri ya samu. Ka yi hayar mota ka kai inji, mai gidan ya fito ya ce shi bai san zancen ba. Saboda haka kada ka biya duka kuɗin kafin ka ga wurin da idonka, ka zauna da wanda ke da ikon cewa e, ka ƙirga mutanen da kanka. In an nemi kafin alƙalami, ya zama kaɗan, sauran sai inji ya zauna. A rubuta cewa kana da damar ƙin wurin da bai yi maka ba, kuma in wurin bai kai cinikin da kuka yanke ba cikin kwana 60 ko 90, za su sauya maka wani ba tare da ƙarin kuɗi ba. Yarjejeniyar wurin kuma ta kasance tsakaninka da mai ginin, da sunanka a kai. Kira mutum uku cikin tsofaffin abokan cinikinsu, ka tambaye su ko injunansu suna nan inda aka sa su har yau. Bincika sunan kamfanin a ofishin babban lauyan jiharku. Wanda ya ce sai yau ko wurin ya wuce ka, ƙyale shi ya wuce.

Ni da zan zaɓa maka, da ƙafarka zan fara. Injuna biyu ne kawai. Roƙi manajan masana'antar nan ya haɗa ka da maƙwabtansa, tunda ya ga yadda kake kula da injinka, kuma in wuraren suna kusa da juna ka rage kuɗin mai.

Ranar ɗauka, don Allah kada ka raina nauyinsa. Injin lemo yakan kai kilo 300 ko fiye, kuma hukumar kula da lafiyar kayayyaki ta Amurka ta ƙirga aƙalla mutum 37 da irin waɗannan injuna suka faɗo wa suka mutu tsakanin 1978 da 1995. Ɗauki masu wannan aiki, da kurarsu da motar da ke ɗaga kaya ta baya. Kwashe kaya da kuɗin ciki tukuna, ka auna faɗin ƙofar sabon wurin, ka tabbata akwai soket a kusa. A tafi da shi a tsaye, in kuma ya karkata sosai a hanya, bar shi ya kwana kafin ka jona shi da wuta, don man injin sanyin ya koma mazauninsa. Tsohon wurin kuma duba yarjejeniyarku ka ba su sanarwa a kan lokaci, ka biya la'adar da ta rage, ka share inda injin ya tashi, sannan ka bar musu lambarka.