Keɓaɓɓun Kalmomin Nazarin Waƙa: Tunatarwa Ga Ɗalibai

Gabatarwa

Kowace sana'a tana da kalmominta. Maƙeri ya san uwar maƙera da zugazugi, masaƙi ya san ƙoshiya da allira. Haka nan mai nazarin adabi yake da nasa, kuma duk ɗalibin da ya kasa rarrabe su zai yi ta kame-kame a jarrabawa ko da ya haddace waƙa sarai. Malamanmu sun yi wahala wajen daidaita waɗannan kalmomi, har aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi a 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya shirya. A nan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma, Abdullahi Bayero Yahya ya wallafa Jigon Nazarin Waƙa a 1997 da Salo Asirin Waƙa a 2001. Manufar wannan ɗan bayani ita ce a tuna wa ɗalibai kalmomin da aka fi rikitawa.

Jigo da Salo

Jigo shi ne babban saƙon da waƙa ta ɗauko, kamar wa'azi ko yabo ko siyasa. Salo kuwa shi ne hanyar da mawaƙi ya bi ya isar da saƙon. Mawaƙa biyu suna iya haɗa jigo, salo ya raba su. A cikin salo akwai kamance, wato a kwatanta abu da wani ta amfani da kalma irin "kamar" ko "tamkar", alal misali a ce basarake kamar giwa yake. Idan aka cire kalmar kwatancen aka ce basarake giwa ne, an koma siffantawa ke nan. Idan kuma aka ba abin da ba mutum ba halin mutum, kamar a ce yunwa ta yi sallama, wannan mutuntarwa ce.

Baiti, Ɗango da Tahamisi

Ɗango shi ne layi guda na rubutacciyar waƙa, baiti kuma tarin ɗangogi ne. Da yawan ɗango ake kiran waƙa ƙwar biyu, ƙwar uku, ƙwar huɗu ko ƙwar biyar. A nan ne ɗalibai da dama suke tuntuɓe, domin ba kowace ƙwar biyar ce tahamisi ba. Tahamisi shi ne wani ya ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu, ya ƙara ɗango uku nasa a gaban kowane baiti. Misalinsa yana nan garinmu: Shehu Usmanu ya tsara Tabbat Haƙiƙa da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, sannan ɗansa Isan Kware ya yi mata tahamisi. Saboda haka mai feɗe ta wajibi ne ya san hannun wane ne a kan wane ɗango.

Amsa-amo da Kari

Amsa-amo, wanda malaman zaure ke kira ƙafiya, iri biyu ne. Babban amsa-amo shi ne gaɓar da ke rufe kowane baiti tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Ƙarami kuwa yana tsakanin ɗangogin baiti guda, yana iya sauyawa daga baiti zuwa baiti. Kari shi ne ma'aunin waƙa. Halilu ɗan Ahmadu, mutumin Basra, ya fitar da karuruwa 15 na waƙar Larabci, Ahfash ya ƙara guda suka zama 16, marubutan Hausa suka ari irin su Kamil da Ramal da Mutaƙarab. Awon yana dogara ne kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi. A kalmar "gida", gaɓar farko ba ta da nauyi, ta biyu tana da shi, domin wasalinta dogo ne. Tun da rubutun boko bai nuna tsawon wasali, ɗalibi zai auna da kunnensa ne.

Waƙar Baka

Ba daidai ba ne a ɗora kalmomin rubutacciyar waƙa a kan waƙar baka. Waƙoƙin Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar III, ko na Ibrahim Narambaɗa, suna da gindi, wanda ake komawa gare shi a kai a kai, da ɗiya, waɗanda jagora ke yi yaransa suna karɓi. Ɗan waƙa ba shi da ƙayyadadden tsawo kamar baiti, kuma kiɗa ne ma'auninsa.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce kowa ya ɗauki rubutacciyar waƙa guda da ta baka guda, ya gwada waɗannan kalmomi a kansu ɗaya bayan ɗaya, ya kai wa malami ya duba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.