Darasi: Tsohon Jirgin Ruwa, A Gyara, A Sayar Ko A Farfasa?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi jirgin ruwa mai tafiya da iska, wato wanda ake ɗaura wa faffaɗan ƙyalle a jikin doguwar sanda, iska ta riƙa tura shi. Mu ɗauka cewa mutum ya mallaki irin wannan jirgi, amma an yi shekaru an yar da shi, rana ta doke shi, ruwan sama ya zauna a cikinsa. Hanyoyi uku ne a gabansa: ya gyara, ya sayar, ko ya farfasa. Za mu fara da yadda jirgi yake lalacewa, sannan mu kawo tarihin jirage uku, kowanne da hanyar da aka bi da shi, daga nan mu fitar da ma'auni.

YADDA JIRGI YAKE LALACEWA

Abin mamaki shi ne, ruwan sama ya fi ruwan teku cutar da jirgin katako. Gishiri yana rage ƙarfin ƙwayoyin da suke ruɓar da itace, amma ruwan sama idan ya kwanta a lungun da iska ba ta shiga, sai katako ya ruɓe ta ciki alhali fentinsa na waje yana nan lafiya. Idan kuma aka bar jirgin a tudu ya daɗe, allunansa sukan bushe su tsuke, tsakaninsu ya buɗe, ƙusoshi su yi tsatsa. Saboda haka masu sana'ar ba su yarda da kallon ido. Sukan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma su saurara, sukan soka tsinken ƙarfe su ga ko zai nutse. Wurin da suka fi dubawa shi ne ƙashin bayan jirgi, wato dogon gungumen da yake kwance a ƙasansa daga goshi zuwa baya, da kuma haƙarƙarin da aka kafa a kansa.

NA FARKO: WANDA AKA GYARA

A shekarar 1892 wani tsohon kyaftin mai suna Eben Pierce ya ba abokinsa Joshua Slocum kyautar jirgi a garin Fairhaven na jihar Masacuset, a Amurka. Slocum ƙwararren matuƙi ne da ya shugabanci manyan jirage, amma a lokacin ba shi da aiki. Da ya je sai ya tarar da tsohon jirgin kamun kawa mai suna Spray, an tokare shi a cikin fili, ya shekara bakwai ba ya aiki. Mutanen garin sun ɗauka farfasa shi zai yi.

Slocum ya ɗauki gatari ya sare itacen da ya yi sabon ƙashin baya da shi. Ya riƙa turara itatuwa da tururi yana tanƙwara su, yana cire tsohon haƙarƙari yana sa sabo, har kusan duk jikin jirgin ya zama sabo. Aikin ya ci wata 13 da dala 553 da santi 62, kuma a tsakani yakan je ya yi aikin kafinta a jiragen wasu don ya sami kuɗin ci gaba. Ranar 24 ga Afrilu 1895 ya tashi daga Boston a cikin wannan jirgi mai tsawon ƙafa 36 da inci 9, ya dawo ranar 27 ga Yuni 1898 bayan tafiyar mil 46,000. Shi ne mutum na farko da ya kewaye duniya a jirgin ruwa shi kaɗai.

Mu lura da dalilan nasararsa: ya iya aikin da hannunsa, yana da lokaci, ga itace a kusa, kuma shi matuƙi ne mai buƙatar jirgi. Mu lura kuma da ƙarshen labarin. Waɗanda suka ga Spray a shekarunta na baya sun ba da shaidar cewa kulawa ta yi ƙasa. A watan Nuwamba 1909 Slocum ya fita teku a cikinta, ba a sake ganinsu ba. Ashe gyara ba na rana ɗaya ba ne.

NA BIYU: WANDA AKA SAYAR

Francis Chichester, Baturen Ingila, ya tashi daga Plymouth ranar 27 ga Agusta 1966 a jirgi mai suna Gipsy Moth IV, yana da shekara 64. Ya kewaye duniya shi kaɗai, sau ɗaya ya tsaya, a Sidni ta Ostareliya, ya dawo ranar 28 ga Mayu 1967. Don girmamawa sai aka ɗora jirgin a tudu a unguwar Greenwich ta Landan, jama'a suna zuwa kallo. Wannan girmamawar ce ta kusa kashe shi. Ya shekara sama da 30 a nan, ruwan sama yana shiga, katako yana ruɓewa, har aka hana mutane hawa.

Ƙungiyar da take riƙe da jirgin ba ta da kuɗin gyara. A 2004 ta sallama shi ga wata makarantar koyar da tuƙin jirgi ta Ingila a kan fam ɗaya. Wani zai ce an yi asara. To amma gyaran ya ci sama da fam 300,000, kuma kamfanin Camper and Nicholsons da ya ƙera shi tun farko shi ya yi aikin. A 2005 jirgin ya koma ruwa, ya sake kewaye duniya ɗauke da matasa, ya iso Plymouth ranar 28 ga Mayu 2007, shekara 40 daidai da dawowar Chichester. Darasin a nan shi ne, farashin tsohon jirgi ba ya bin sunansa ko ƙaunar mai shi. Mai saye yana lissafa abin da zai kashe ne, ya cire daga darajar jirgin bayan gyara. Sau da yawa abin da ya rage ba shi da yawa, kuma mafi alherin ciniki shi ne samun wanda zai iya.

NA UKU: WANDA AKA HALLAKA

Implacable babban jirgin yaƙi ne na katako. Faransawa ne suka ƙera shi, ya halarci yaƙin Trafalgar a 1805, Ingila ta kama shi a wannan shekara ta canza masa suna. Ya daɗe ana koyar da yara aikin ruwa a cikinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka tarar ya ruɓe ƙwarai, ga Ingila tana fama da rashin kuɗi. An yi wa Faransa tayi, ita ma ba ta karɓa ba. Ranar 2 ga Disamba 1949 aka ja shi zuwa teku aka nutsar da shi, tutocin ƙasashen biyu suna kaɗawa a kansa. Amma kafin nan an cire sassaƙen goshinsa da adon bayansa, aka adana su a gidan tarihi na Greenwich. Baƙin cikin da mutane suka yi ya taimaka wajen ceto wani tsohon jirgin, Cutty Sark, wanda aka ajiye a Greenwich a 1954.

Wanda zai farfasa nasa jirgin sai ya yi koyi da wannan: a fara cire abin da yake da amfani. Darmar da ake nauyaya ƙasan jirgi da ita, da sanda, da inji, da kayan tagulla, duk suna da masu saye. Jiragen zamani na roba mai zaren gilashi ba su ruɓewa kamar itace, don haka zubar da su aiki ne da ake biya. Barin su a bakin ruwa cutar da jama'a ne.

MA'AUNI

1. Shin ƙashin baya da haƙarƙari suna da rai? A kira masani wanda ba shi da riba a cikin amsar.
2. Nawa gyaran zai ci, kuma nawa ake sayar da irinsa mai lafiya? A sa kuɗin wurin ajiya, a kuma bar sarari, domin ɓarnar da take ɓoye sai an buɗe take bayyana.
3. Wa zai yi aikin, kuma a cikin wata nawa?
4. Bayan an gama, wa zai tuƙa shi, wa zai ci gaba da kula da shi?

Idan amsoshin huɗu sun yi daidai, a gyara. Idan jikin jirgin yana da rai amma mai shi ba shi da hali, a sayar tun yana da sauran daraja. Idan ƙashin bayan ya tafi kuma babu mai ɗaukar nauyi, a farfasa.

Akwai hanya ta huɗu wadda mutane suka fi bi, wato "bari dai sai baɗi". Ita ce mafi muni, domin kowace damina tana rage abin da za a gyara da abin da za a sayar. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Da yawa daga cikinmu ba za mu mallaki jirgi ba, amma a gidajenmu ba a rasa tsohuwar mota da aka ɗora a kan duwatsu, ko keken ɗinki da ya yi tsatsa. Ma'aunin nan ɗaya ne.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa ruwan sama ya fi ruwan teku ɓata katako?
2. Kawo dalilai uku da suka sa Slocum ya ci nasara.
3. Shin sayar da Gipsy Moth IV a kan fam ɗaya asara ce? Bayyana hujjarka.
4. Zaɓi wani abu da aka yar a gidanku, ka auna shi da tambayoyin nan huɗu, ka rubuta hukuncinka.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.