Baftisma: Kalmar da Ma'anarta a Bakin Kiristocin Hausa na Iyakar Jibiya

Duk matafiyin da ya bar Katsina ya nufi Maraɗi, sai ya ratsa ta Jibiya kafin ya tsallaka zuwa Ɗan Isa a ƙasar Nijar. Iyakar ta raba hukuma da kuɗin kashewa, amma ba ta raba harshe ba. A tsallake biyun akwai Kiristoci 'yan tsiraru masu ibada da Hausa, kuma tushen da yawa daga cikinsu ɗaya ne, wato ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta shiga Damagaram a 1924, daga baya ta zauna a Tsibiri da Maraɗi. Daga aikinta ne ikkilisiyar ECWA ta fito a Nijeriya a 1954, takwararta EERN kuma ta tsaya a Nijar. Manufar wannan maƙala ita ce duba kalma guda da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kanta, wato baftisma.

Kalmar ba Bahaushiya ba ce. Asalinta Helenanci ne, inda take nufin tsomawa ko nutsarwa cikin ruwa. Abin lura shi ne, masu fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, sun bar ta a matsayin baƙuwa, alhali ga kalmar wanka a kusa. Kuma Bahaushe ba matalaucin wanka ba ne: akwai na janaba, da na jego, da na amarya, da na gawa, da wanda sabon Musulmi ke yi ranar da ya karɓi kalmar shahada. To, me ya hana a ɗauki ɗaya?

Amsar tana cikin ma'anar da Kiristoci suka ba abin. Galibin wanke-wanken nan na gusar da ƙazanta ne ko hadasi, ana kuma maimaita su duk lokacin da dalili ya sake faruwa. Baftisma kuwa sau ɗaya ake yi wa mutum a rayuwarsa. Wasiƙar Bitrus ta fari (3:21) ta nuna ba dauɗar jiki ake nufin fitarwa ba, lamiri ne ake fuskantar da shi ga Allah. Bulus kuma, a Romawa sura 6, ya kai maganar inda ba a zata ba: shiga ruwan binnewa ce tare da Almasihu, fitowa daga cikinsa kuwa tashi ne zuwa sabuwar rayuwa. Ke nan idan har sai an nemo wa baftisma dangi a al'adar Hausawa, ta fi kusa da wankan gawa da na jariri a haɗe, mamacin da jaririn kuma mutum ɗaya ne. Babu wankan da ke ɗauke da wannan nauyi a Hausa, don haka barin kalmar yadda take ya fi aminci, ko da yake ta yi wa harshen baƙauye nauyi.

Ba dukkan ikkilisiyoyi suka yi daidai a kan yadda ake yi ba. Waɗanda suka fito daga SIM sai mutum ya yi hankali, ya zauna ajin koyo, ya furta bangaskiyarsa a gaban jama'a, sannan a nutsar da shi da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. A wurinsu ruwan shaida ne na abin da ya riga ya auku a zuci. (A ƙasa irin ta Jibiya, inda kogin Gada ke ƙafewa da rani, neman ruwan da zai shanye mutum ma aiki ne.) 'Yan Katolika kuwa, waɗanda aka yanka wa dayosis ta Katsina daga ta Sakkwato a 2023, suna zuba ruwa a ka, har ga jarirai, domin a koyarwarsu baftismar ce da kanta ke kankare zunubin asali.

Inda maganar mutuwa ta daina zama misali shi ne a gida. Bamaguje mai mata uku da ya nemi baftisma a zamanin mishan, akan ce masa sai ya rabu da biyu. Taron limaman Angalika na Lambeth ya tsayar da irin wannan hukunci tun 1888, bai sassauta ba sai 1988. Saboda haka dattawa da yawa suka yi shekaru suna zuwa sujada ba tare da an yi musu ba, suna kallo ana nutsar da 'ya'yansu, don ba su ga inda za su kai uwar 'ya'yan ba. Hukuncin ya yi tsauri, kuma matan da aka sallama su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa, alhali ba a nemi shawararsu ba.