Yadda ɗalibin ilimin motsa jiki zai kammala karatunsa ba tare da bashin darasi ba

Yawancin masu neman karatun motsa jiki da wasanni a arewacin Kamaru daga filin ƙwallo suke fitowa. Sun tashi suna kallon Coton Sport, sun ga wasannin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya a farkon 2022, suna zaton gudu da tsalle kaɗai za su ba su takarda. Amma abin da ya fi kayar da ɗalibai yana cikin aji da ofishin rajista. Ga yadda za ka bi.

Da farko, ka san ƙofar da kake nema. A nan Garwa akwai cibiyar CENAJES, mai horar da malaman motsa jiki. A Yawunde kuma akwai INJS, inda ake karatun da ake kira STAPS, ake fitar da manyan malaman fannin. Dukansu da konkur, wato jarrabawar gasa, ake shiga, kuma ana duba rubutunka da ƙarfin jikinka da lafiyarka. Kafin ka kai takardu, ka jera takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardun makaranta a kan tabarma, ka duba sunanka harafi bayan harafi. Idan a wata an rubuta Mohamadou, a wata Mouhamadou, ka gyara tun yanzu, domin wannan harafi ɗaya yana iya riƙe maka takardar kammalawa bayan ka gama duk wahalar.

Na biyu, ka fahimci lissafin kiredi. Manyan makarantun Kamaru, ciki har da jami'o'in Ngaundere da Marwa da ta Garwa da aka kafa a 2022, suna bin tsarin LMD. Digirin farko, wato lisansi, shekara 3 ne, zango 6, kowane zango kiredi 30, jimilla 180. An tara darussa rukuni-rukuni, kowane rukuni da nasa kiredin, kuma sai ka sami 10 cikin 20 ake rubuta maka shi. Rukunin da ka faɗi yana nan a wuyanka kamar bashin mai kanti, ko ka wuce aji na gaba sai ka dawo ka biya. Makarantu sun bambanta kan yawan kiredin da za ka tara kafin a bar ka ka wuce da bashi, da kuma yadda maki mai kyau a wani darasi ke rufa wa na wani asiri. Don haka a makon farko ka nemi takardar dokokin jarrabawa ta makarantarku, ka karanta da idonka. Kada ka dogara da abin da 'yan aji na sama suke faɗa a gindin bishiya.

Na uku, kuma nan ne zan fi daɗewa: gwajin cikin zango, wanda ɗalibai ke kira CC. A wurare da dama yana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na makin darasi, babbar jarrabawa kuma kashi 70. Ɗauki alƙalami ka gani. Wanda ya sami 14 a CC, maki 8 da rabi a jarrabawa sun ishe shi ya haye. Wanda ya sami 6, sai ya kawo kusan 12. Wanda kuwa bai zo ba sam, domin ƙungiyar unguwarsu tana da wasa a ranar, sai ya haura 14 kafin ya tsira. Samun 14 a darasin sassan jiki, inda za ka haddace ƙasusuwa 206 da tsokoki da jijiyoyi cikin Faransanci, ba wasa ba ne. Darasin aikin zuciya da huhu da na dabarun koyarwa ma haka suke. A ganina, ɗalibin da ya iya ƙwallo ya kamata ya ba waɗannan darussa mafi kyawun lokacinsa, tunda makin fili zai zo masa da sauƙi. Don haddace sassan jiki, ku haɗu ku huɗu ko biyar, ɗaya ya miƙa hannu, sauran su riƙa taɓa tsoka suna faɗin sunanta da aikinta.

Na huɗu, ka kiyaye jikinka, domin da shi ake ba da makin fili. A Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40. Ka yi atisaye bayan sallar asuba, ka yawaita shan ruwa. In azumi ne, ka mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa baki. Idan ka yi targaɗe ko karaya, ka karɓi takardar likita ka kai ofis nan take, ka riƙe kwafi. Ciwon da ba a rubuta ba, fashi ne a wurin malami.

Na biyar, ranar da aka liƙa sakamako a allon sanarwa, ka je da kanka. Maki yana ɓacewa, ana kuma rubuta sifiri bisa kuskure. Idan haka ta faru, ka rubuta takardar koke cikin kwanakin da aka ba da, ka haɗa da shaidar da kake da ita. Saboda haka kada ka yar da takardar gwajin da aka mayar maka, ko rasiɗin kuɗin rajista, wanda a jami'o'in gwamnati sefa 50,000 ne a shekara. Abin da ka faɗi da gaske kuma, ka shiga jarrabawar cike giɓi ta shekarar. Barin sa zuwa baɗi yana iya sa darussa biyu su yi karo a awa ɗaya.

Saura aikin gwaji a makarantar sakandare. Ka rubuta shirin kowane darasi kafin ka tsaya gaban yara, ka sa malamin da ke kula da kai ya sa hannu, ka fara rubuta rahoton aikin tun makon farko.

A ƙarshen kowace shekara ka karɓi takardar makinka, ka tara kiredin da kanka. In ba su kai 60 ba, ka rubuta sunan rukunin da ya rage, ka tafi wurin shugaban sashe kafin a rufe rajistar sabuwar shekara.