Gargaɗi Ga Magidanci Kafin Ya Sayi Na'urar DVD

Duk shekara idan hunturu ya kama, ma'aikatan kashe gobara sukan yi ta jan kunnen jama'a a rediyo game da kayan lantarki, amma da yawanmu ji muke kamar da maƙwabci ake. Ga shi talabijin mai faɗi, wadda ake kira filasma, ta shiga gidaje, wasu kuma suna cigiyar na'urar DVD mai rangwame da za su haɗa mata. Neman sauƙi ba laifi ba ne, muddin ba gobara za a sayo da kuɗi a ajiye a falo ba.

Abu na farko, juya na'urar ka karanta rubutun da ke bayanta. Wutar da ake ba mu a Nijeriya da Nijar tsakanin 220 ne zuwa 240, ta Amurka kuwa 120 ce. Na'ura ta hannu da aka kwaso daga can, idan an rubuta mata 120V kaɗai, kana jona ta za ta ƙone. Wadda aka rubuta wa 100-240V ba ta da wannan matsala. Duba wayarta kuma. Idan siririya ce, ko filoginta yana rawa a cikin soket, ajiye ta, ko da kyauta aka ba ka.

Lantarki a cikin waya kamar ruwan damina ne a magudana. Idan kwalbatin unguwa mai faɗi ne, ruwa zai wuce salin-alin, yara ma har su tsaya kallo. Idan aka yi shi ƙunci don tsimin siminti, sannan kowane gida ya karkato kwatarsa ciki, yayyafi ba zai tona asiri ba, sai ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin dare ya ci katangar mutane. Haka soket ɗaya yake idan an ɗora masa talabijin da DVD da firiji da dutsen guga.

Abin takaici, akwai magidancin da filogi zai karye, sai ya fere waya ya cusa ta a soket ya tokare da tsinken ashana. Wani kuma fis zai ƙone ya naɗa masa waya a madadinsa, bai san fis ɗin nan shi ne mai gadin gidansa ba. Wannan sakaci ne, kada a laƙaba wa ƙaddara. Iyali amana ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a kashe wuta kafin a kwanta barci. Ku ma iyaye mata, a daina lulluɓe na'ura da ƙyallen ado tana aiki, domin ƙofofin da ke jikinta na shan iska ne. In an ɗauke wuta a zare filogi, tunda sau da yawa takan dawo da ƙarfi.

Sauran bayani kaɗan ne. Nemi mai kafar HDMI, don wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, dishi-dishi take nuna hoto a babbar talabijin. Faifan DVD layi 576 yake ɗauke da shi a tsarin PAL, filasma kuwa takan kai 1080, saboda haka na'urar shimfiɗa hoton kawai take yi. Kada wani ya caje ka kuɗin Blu-ray a kanta. An raba faifan DVD shiyya-shiyya: na Amurka na shiyya ta 1 ne, Nijeriya tana ta 5, sai a nemi na'ura mai karɓar kowace shiyya. Kafar filas ma tana da amfani.

A sa mai shago ya gwada a gabanka, ya ba ka rasit. Wanda aka sayar wa jabun kaya ya kai ƙara Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki. Mai karatu, ka isar da wannan saƙo ga maƙwabcinka, domin gobarar gidansa ba za ta tsaya a katangarsa ba.