Amsoshin Tambayoyinku: Waƙar da Ta Zama Abin Tsokana

Wani mai sauraronmu daga Kalfu, jihar Tawa, yana tambaya: wane mawaƙi ne aka mayar da tsohuwar waƙarsa abin tsokana a intanet, kuma ya ji haushi?

To Malam, sunansa Rick Astley, ɗan Ingila. Ya fitar da waƙar Never Gonna Give You Up a 1987. A 2007 tsokanar ta fara: a turo maka saƙo kamar labari mai zafi, kana latsawa sai waƙar ta tashi. Rick Astley bai ji haushi ba, wasa ya ɗauki abin. A 2008 ma da kansa ya ɓullo ba zato a wani fareti a New York yana rera ta. A 2021 kallonta a YouTube ya haura biliyan 1. Tsokana ta zame masa gobarar Titi.