Rashin haihuwa: a auna maigida ma

An shirya wannan darasi domin ƙungiyoyin maza, da ma'aikatan lafiya na sa-kai, da dattawan da ke ba ma'aurata shawara a Sheme da ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa. Ana iya karanta shi a zama ɗaya ko a raba shi biyu. Magana ce mai nauyi a baki, saboda haka zai fi kyau maza su fara tattauna ta a tsakaninsu.

Abin da muke gani

Kusan dukanmu mun san gida irin wannan. An yi aure shekara uku, ko ɓatan wata ba a yi ba. Uwar miji ta fara habaici. Matar ta sha jiƙo da saiwoyi iri-iri, an sayar da buhunan masara an kai ta Funtuwa an yi mata hoto. Daga baya aka yi mata kishiya, ita ma shiru. Aka saki ta farkon, ta auri wani, kafin shekara biyu sai ga ta da goyo. A duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya ce maigida ya je a auna shi.

Muna da sunan da muke kiran macen da ba ta haihu ba, wato juya. Ba mu cika jin an laƙaba wa namiji irin wannan suna ba. Amma kowane manomi ya sani, idan shuka ta ƙi tsira, ba ƙasar kaɗai ake dubawa ba. Ana duba irin ma.

Abin da bincike ya nuna

Likitoci suna cewa akwai matsalar rashin haihuwa idan miji da mata sun yi wata 12 suna saduwa a kai a kai, ba su amfani da wata hanyar tazarar haihuwa, kuma ciki bai shiga ba. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa kusan mutum 1 cikin 6 yana fuskantar wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa, a ƙasashen masu kuɗi da na matalauta.

A cikin ma'auratan da ke fama da ita, namiji yana da hannu a kusan rabi. A gidaje 20 zuwa 30 cikin 100, matsalar daga wajensa take shi kaɗai.

Tsakanin 1979 da 1984 Hukumar ta auna ma'aurata wajen 5,800 a ƙasashe 25, aka buga sakamakon a 1985. An gano cewa a Afirka, fiye da ko'ina, babban dalilin rashin haihuwar mata shi ne toshewar hanyoyin ƙwai saboda ƙwayoyin cuta. Da yawa daga cikin cututtukan nan ta hanyar saduwa ake ɗaukarsu. Ma'anar wannan ita ce, ko da an sami matsalar a jikin mace, wani lokaci mijin ne ya kawo ta gida.

A 2017, da kuma 2022, wasu masana ƙarƙashin jagorancin Hagai Levine na Jami'ar Ibrananci da ke Kudus sun tattara ɗaruruwan gwaje-gwajen da aka yi tun 1973. Sun ce matsakaicin yawan ƙwayoyin haihuwa na maza ya ragu da kusan rabi. Masana suna ta muhawara a kan wannan lissafi, amma ya sa an ƙara mai da hankali ga lafiyar maza.

Yadda jikin namiji yake aiki

Ana ƙera ƙwayoyin haihuwa a cikin 'ya'yan maraina. Aikin yana ɗaukar wajen kwana 74, wato wata biyu da rabi. 'Ya'yan maraina suna bukatar sanyi kaɗan fiye da sauran jiki, shi ya sa suke a waje.

Maniyyi daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Mafi yawan ruwan maniyyi daga wasu sassan jiki yake fitowa, ƙwayoyin kuma suna iyo ne a cikinsa. Ido ba ya ganinsu. Sai a 1677 wani mutumin ƙasar Holan mai suna Leeuwenhoek ya bayyana su bayan ya gan su ta madubin ƙara girman abu. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ana so a sami aƙalla ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita ɗaya. Ƙaramin cokalin shayi yana cin mililita 5.

A nan ne yawancinmu muke kuskure. Namiji yana iya kasancewa da cikakken ƙarfi, yana biyan bukatar iyalinsa, maniyyinsa da kauri, amma ƙwayoyin da ke ciki kaɗan ne, ko ba su motsi, ko babu su sam. Ƙarfin namiji ba shaidar haihuwa ba ce. Haka kuma haihuwar da mutum ya yi shekara goma da suka wuce ba ta nuna yadda jikinsa yake yau.

Akwai wani abu kuma. Ƙwayar namiji ce take sa jariri ya zama namiji ko mace. Bai kamata a zargi matar da take haihuwar 'ya'ya mata ba.

Abubuwan da ke kawo matsala

Ciwon sanyi. Idan ba a yi maganinsa da wuri ba, ko an sha rabin magani an daina, yana iya toshe siririyar hanyar da ƙwayoyi ke bi. Akwai wani nau'in cutar saduwa da ake kira kilamidiya, wanda sau da yawa ba ya nuna wata alama.

Kumburin jijiyoyin maraina. Yawanci a gefen hagu yake. In mutum yana tsaye ya taɓa, sai ya ji kamar tsutsotsi a cikin jaka. Wajen maza 15 cikin 100 suna da shi, kuma yawancinsu suna haihuwa. Amma a cikin mazan da suka kasa haihuwa, ana samunsa ga fiye da 1 cikin 3.

Hangum. Idan ya kama namiji bayan ya balaga, yana iya sauka ya kumbura maraina. Da wuya ya hana haihuwa gaba ɗaya, amma yana iya rage ƙwayoyin.

Tsargiya. Yaran da ke wanka a kududdufai da madatsun ruwa suna fitsarin jini. Wasu suna ɗauka alamar girma ce. Cuta ce, kuma ƙwayayen tsutsar suna iya taruwa a hanyoyin maniyyi. Maganinta shi ne faraziƙwantel, wanda ake rabawa a makarantu.

Ɗan marainan da bai sauko ba. Uwaye da unguwar zoma su duba jariri namiji. Idan ɗaya ko duka biyun ba su sauko ba har wata 6, a kai shi asibiti. An fi so a yi aikin kafin ya kai wata 18.

Sikila da ciwon suga. Duka biyun suna iya taɓa ƙarfin namiji da haihuwarsa. Sau da yawa raunin gaba shi ne alamar farko ta ciwon suga ko ciwon jijiyoyin jini. Wanda ya ga canji ya je a auna sugansa da hawan jininsa.

Zazzaɓi mai zafi. Yana rage ƙwayoyi na ɗan lokaci. Bayan wata uku yawanci sukan dawo.

Maganin feshi da dalma. A 1977 aka gano ma'aikatan wata masana'antar maganin ƙwari a Kaliforniya, ƙasar Amurka, sun daina haihuwa saboda wani sinadari mai suna DBCP. An hana amfani da shi daga baya. Darasi ne gare mu da muke fesa auduga, wake da masara da hannu tsirara. Dalma ma tana lalata ƙwayoyin haihuwa. Ita ce ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gida.

Shaye-shaye. Taba, wiwi, giya mai yawa, tiramol da kodin duk suna rage lafiyar ƙwayoyi.

Maganin ƙarfin maza. Wanda ake sayarwa a kasuwa da tasha ba ya ƙara ƙwayoyin haihuwa. Hukumomin magunguna a ƙasashe da yawa sun sami maganin asibiti a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗe, kuma yana da haɗari ga mai shan maganin zuciya. Allurar sinadarin maza, wato testosteron, tana sa jiki ya rage ƙera ƙwayoyi, ko ya daina. Mai neman haihuwa kada ya yarda a yi masa ita.

Abubuwa biyu ba su jira. Ciwo mai tsanani da ya taso farat ɗaya a maraina, musamman ga saurayi, yana iya zama murɗewa, kuma ana bukatar tiyata cikin awa 6. Haka nan miƙewar gaba mai zafi da ta kai awa 4, wadda ta fi samun masu sikila. A tafi asibiti nan take, ko da dare ne.

Yadda ake awon

Awon namiji ya fi na mace sauƙi da araha. Ba allura, ba yanka. Shi ya sa ya kamata a yi shi tun farko, kafin a ɗora wa mace gwaje-gwaje masu zafi da tsada.

Mutum zai ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7. Za a ba shi kwalba mai tsabta da wurin da zai keɓe. Dole a duba maniyyin cikin awa ɗaya, don haka ba a ɗaukar shi daga Sheme a cikin mota zuwa Zariya. A can wurin awon ake bayarwa. Ma'aikaci zai duba yawan ƙwayoyin, da motsinsu, da siffarsu. Idan sakamakon bai yi kyau ba, ana sake awon, yawanci bayan wata uku. Ba a yanke hukunci da awo ɗaya.

A fara da asibitin da ke kusa, ko babban asibitin Funtuwa ko na Ƙanƙara, a tambaya inda ake yin awon. In ana bukatar ƙwararren likitan mafitsara, akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano da ke Kano. Tafiya tana da tsada, hanya kuma tana bukatar lura. Miji da mata su tafi tare, a duba su a tafiya ɗaya.

Abin da za a iya yi

Kada a yi gaggawar fid da rai. Fiye da ma'aurata 8 cikin 10 suna samun ciki a shekarar farko idan suna saduwa duk bayan kwana biyu ko uku kuma matar ba ta kai shekara 40 ba. Wajen rabin sauran suna samu a shekara ta biyu. Magidancin da yake tafiya ci-rani wata takwas a shekara ya sa wannan a lissafi. Idan matar ta wuce shekara 35, a je asibiti bayan wata 6, kada a jira shekara.

Cutar saduwa tana warkewa da maganin da likita ya rubuta. A shanye shi duka, kuma a yi wa miji da dukan matansa magani a lokaci guda. Kumburin jijiyoyin maraina ana yi masa ƙaramar tiyata, kuma tana taimakon wasu. Wanda ya daina taba da ƙwaya ya ba jikinsa wata uku kafin ya sa ran ganin canji. Mai feshi ya sa safar hannu da dogon wando, ya rufe hanci da baki, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu kafin ya ci abinci.

A 1992 likitoci a Burasel, ƙasar Beljiyam, sun fara cusa ƙwayar namiji guda ɗaya cikin ƙwan mace a ɗakin gwaji, sannan su mai da shi mahaifa. Ana yin wannan aiki a Abuja da Legas, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu, kuma ba kullum ake dacewa ba.

Dole mu faɗi gaskiya: akwai mazan da ba za su haihu ba ko an yi musu magani. Sanin haka yana da zafi. Amma ya fi a ci gaba da sayar da gona da dabbobi, ana sakin mata ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan mutum yana bukatar aboki mai riƙe sirri. Al'adarmu ta riƙon 'ya'yan 'yan'uwa da marayu ta raya gidaje da yawa. Haihuwa kyauta ce daga Allah, neman magani kuma wajibinmu ne, namiji da mace.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A garinmu, wa ake fara zargi idan haihuwa ta yi jinkiri? Me ke faruwa da ita daga baya?

2. Me ke hana maza zuwa awo: kunya, kuɗi, tsoron sakamako, ko tsoron maganar ta fita? Yaya za mu rage kowane ɗaya?

3. Nawa gida ɗaya yake kashewa a kan jiƙe-jiƙe da maganin ƙarfi a shekara? A kwatanta da kuɗin mota da na awo.

4. Wa ya dace ya yi wa samarinmu bayani a kan ciwon sanyi, tsargiya da ƙwaya kafin su yi aure?

5. Me limamai, fastoci da masu unguwanni za su iya faɗa wa iyayen miji?

Aikin da za mu yi

Kafin zama na gaba, ƙungiya ta zaɓi mutum biyu su je asibiti mafi kusa. Su tambayo inda ake awon maniyyi, da ranakun da ake yi, da kuɗinsa. Su rubuto amsar, a ajiye ta wurin ma'aikacin lafiya, domin duk mai bukata ya iya tambaya a asirce.